Lasifika Mai Ƙofa a Baya

Ranar da ta fara shiga shagon, Mai Kunne yana durƙushe yana goge wa wata lasifika ƙura kamar mai wanke wa jariri fuska. Abokan aikinsa ne suka laƙa masa sunan, wai don yakan ji ƙaramin kuskure a cikin sauti wanda ba wanda ya ji sai shi. Wasu kuma sun ce ko kurma ne sunan zai zauna masa, don Allah Ya hore masa kunnuwa masu tare iska.

Lasifikokin masu hali suke sayarwa, irin waɗanda na'urar ƙara sautinsu ke cikinsu kuma ba sa neman kebul. Ka haɗa su da wayar hannu kawai, su cika maka falo da sauti.

Budurwar ta yi sallama, sanye da farar rigar masu gwajin jini a asibiti, ta ce kyauta take nema wa mahaifinta. Mai Kunne ya miƙe, ya sa mata waƙar da yake sa wa kowa, ya koma gefe yana jiran ta ce kai, sautin nan da daɗi.

Ba ta ce ba. Juya lasifikar ta yi tana leƙa bayanta.

"Idan ta mutu fa," ta ce, "ta ina ake buɗe ta?"

Wasu mazan ido ne ke kayar da su, wasu murmushi. Shi tambaya ce ta kayar da shi, har ƙasa.

Sai ya manta cewa shi mai sayarwa ne. Ya gaya mata cewa akwatin katakon da bakin da ke fitar da sauti za su iya ganin jikokinta. Abin da ke fara gajiya shi ne ƙwaƙwalwar da ke kama waya ta iska, kuma ranar da kamfani ya daina kula da manhajarta, lasifikar da aka liƙe da gam ta zama kujera mai tsada. Shi ya sa ya fi amincewa da mai sukurori a baya, mai ramin sa kebul, don in iska ta ƙi, a bi ta ƙasa.

Oga, mai shagon, ya yi tari daga bayan kanta. Tarin nan ba na mura ba ne.

Ba ta sayi komai ba. Lambar Mai Kunne kawai ta karɓa, wai don ƙarin bayani.

Da yamma saƙo ya shigo: "Mai Kunne, tambaya ɗaya. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, lasifikar tana firgita?"

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa: "Tana firgita, 'Yar Tambaya, amma ba kamar yadda na firgita da na ga saƙonki ba."

"Wannan amsar ba ta da garanti."

"Ki riƙe ta a haka. In ta lalace ki dawo min da ita, ni zan gyara da hannuna."

Daga nan tambayoyi suka bar lasifika suka koma kan ko ya ci abinci, ko ya yi waya da mahaifiyarsa, da dalilin da ya sa yake sa riga iri ɗaya kullum. Ta koma kiransa Kunnuwana. Shi kuma, da bai taɓa yi wa kowa waƙa ba sai kwastoma, ya fara ce mata hasken idona ba tare da ya ji kunya ba.

Matsalar Baba ce.

Mahaifinta tsohon mai gyaran rediyo ne, ya ajiye sana'a amma sana'ar ba ta ajiye shi ba. Ɗakin da ke kusa da falo cike yake da matattun rediyoyi masu jiran tashin alƙiyama a hannunsa, ga ƙarfen narka dalma, ga gwangwanayen sukurori. Da Umma ta gaya masa aikin yaron, bai ko ɗaga kai daga tebur ba. Ya ce ya ƙare rayuwarsa yana raya abin da mutane suka saya, sai ga wasu yara sun zo sun koya wa duniya jefarwa. Mai sayar da abin da aka liƙe da gam ba zai riƙe masa 'ya ba.

Umma ta ce ai mutum daban, kayan shagonsu daban. Baba ya ce mai sayar da gawayi ba ya dawowa gida da farin hannu.

Akwai kuma ɗan aminin Baba, dillalin motoci, wanda 'Yar Tambaya ke kira Yaya Turare saboda ƙamshinsa ne ke yin sallama kafin shi. Ya daɗe yana zagaye gidan da niyyar aurenta. Da ya ji Baba na son sauti, sai ya nufi shago mafi suna a garin, wato shagon su Mai Kunne.

Mai Kunne bai san shi ba. Mutumin ya ce a nuna masa wadda ta fi kowace tsada. Aka nuna masa, sumul kamar ƙwai, ba sukuru ba rami. Mai Kunne ya rage murya ya ba shi shawara ya ɗauki ta gefenta mai ƙofa a baya.

"Malam, ka ga na yi kama da mai gyara?" in ji Yaya Turare.

Oga ya rubuta adireshi ya ce Mai Kunne ya je ya haɗa. Sai da ya ajiye kwalin a bakin ƙofa, aka buɗe, ya ga wadda ta buɗe, sannan ya gane cewa da kansa ya ɗauko wa abokin takararsa kaya, har yana gumi.

Ta kalle shi, ta kalli kwalin, ta gane lasifikar da ya hana ta saya.

Haka ya durƙusa a falon yana aiki, Baba na kallonsa ta saman tabarau, Yaya Turare na kaɗa makullin mota. Wayar Baba irin mai madannai ce, ba ta san bulutut ba, wato haɗi ta iska, don haka da wayar 'Yar Tambaya aka haɗa lasifikar. Ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

Kafin ya isa shago saƙo ya riga shi: "Ashe gaskiyarka ma tana laushi in ta ga mai kuɗi. Abin da ka ce kar in saya wa Baba, shi ka ɗauko masa a kafaɗa."

Ya yi ta aika bayani, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Abinci ya daina shiga. Wani kwastoma ya tambaye shi ko wata lasifika tana da kyau, ya ce komai na duniya mai ƙarewa ne. Oga ya ba shi hutun yini.

A wannan hutun ne ya yanke shawarar aika saƙon murya. Kuma mutumin da ke gargaɗin kowane kwastoma cewa waya ba ta manta lasifikar da aka taɓa haɗa ta da ita, shi ne ya manta.

Abin da ya faru, ita ta ba shi labari daga baya tana share hawayen dariya. Tana ɗakinta da la'asar, zuciya ta ɗan sauko, ta danna saƙon. Ba ta ji komai ba. Ta ƙara sauti har ƙarshe. A falo kuwa, inda Baba da Umma da Yaya Turare ke shan shayi, muryar Mai Kunne ta tashi tar, har ana jin haɗiyar yawunsa:

"Hasken idona, wallahi ban san gidanku za a kai ta ba. Na ce masa kar ya saya, ya ƙi. Kuma Baba yana da gaskiya a kan gam, ni ma yana ƙona min rai. Ki daina jin tsoron Baba saboda ni. Baba kamar tsohuwar rediyo mai kwalba ne, yana daɗewa kafin ya yi zafi ya fara magana, amma irinsu ba sa mutuwa a hannun mutum. Zan jira ya yi zafi. Ki ci abinci, don Allah, ni na kasa."

Umma ta ja mayafi ta toshe baki. Yaya Turare ya ƙware da shayi. Baba ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Sautin dai babu laifi."

Saƙonta ya iso masa a gajarce: "Kunnuwana, Baba na nemanka. Ka yi alwala kafin ka taho."

A ɗakin rediyoyi Baba ya karɓe shi. Ya bar shi a durƙushe har ƙafarsa ta yi sanyi, sannan ya tambaye shi ko shi ne rediyo mai kwalba. Mai Kunne ya duba ƙofa, ya ga ta yi nisa, ya ce, "Kai ne, Baba."

Baba ya tambaye shi ko ya taɓa ganin cikin irinta. Ya ce bai taɓa ba. Sai tsohon ya jawo wata, ya kwance bayanta, ya shiga nuna masa kwalaben ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi sanyi. Da Mai Kunne ya yi ƙarfin hali ya tambayi matsayinsa, Baba ya ce tukuna, bai yi zafi ba.

Ba a jima ba lasifikar Yaya Turare ta yi shiru. Tana cikin sabunta manhajarta aka ɗauke wuta, daga nan sai ƙaramar fitila da ke ƙiftawa kamar mai jin barci. Baba ya zagaye ta da sukundireba a hannu, ya rasa inda zai sa. Umma ta ce ba ta taɓa ganinsa da tausayi haka ba.

Yaya Turare ya zo ya yi dariya. "Baba, a jefar da ita, gobe in kawo sabuwa. Ni ba na ajiye abin da ya fara ba ni ciwon kai."

Baba ya juya. 'Yarsa ya kalla, wadda tun tana ƙarama ciwon kai ne da tambayoyinta. Umma ma ita ta kalla. Yaya Turare ne kaɗai a falon bai ji abin da bakinsa ya faɗa ba.

Washegari Mai Kunne ya zo ya ɗauki matacciyar don ya bi mata garanti a kamfani, duk da ya san kyautar wa ce. Don kar falon ya zauna shiru, ya kawo tasa ta ɗakinsa, tsohuwa, gefenta ya ƙuje, wadda ya saya a hannun wani tun yana sabon ma'aikaci.

Baba bai ko nemi a kunna ta ba. Juya ta ya yi. Da ya ga sukurori da ramin kebul, fuskarsa ta saki kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a ƙasar waje. Ya kwance ƙofar, ya gyara tabarau, ya leƙa. Can a kusurwa ga wani dunƙulen dalma kamar an tofa.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Ni ne, Baba. Ta taɓa mutuwa, na kasa rabuwa da ita."

Baba ya daɗe yana taɓa dunƙulen da bakin sukundireba.

"Mummuna ne," ya ce. "Amma ya riƙe." Ya mayar da ƙofar ya ɗaure. "Ka turo manyanka."

Daga bayan labule aka ji wata 'yar ƙara. Baba ya ce ashe gidan nan ma akwai masu kunne.

Yaya Turare ya karɓi ƙaddara da sauƙi fiye da yadda aka zata. Lasifikarsa ta dawo daga kamfani da rai, ya mayar da ita ofishinsa, kuma ya zo liyafar auren da ƙamshinsa.

Ranar liyafa Oga ya ba da aron manyan lasifikoki biyu, amma ango ya zaɓi masu ƙofa a baya. Ɗakin taro ya cika, kowa da waya a hannu, iska ta cushe. Daidai lokacin da amarya ta shigo, waƙa ta fara sarƙewa, ta yi tari irin na Oga, ta ɗauke.

Baba ya miƙe daga teburin manya yana sa hannu a aljihu, da murmushin mutumin da ya daɗe yana jiran wannan ranar. A ɗaya gefen ango ma ya miƙe yana sa hannu a aljihun sabuwar rigarsa. A bayan lasifika suka haɗu, kowa da kebul a naɗe a hannu.

Amarya ta manta cewa ita amarya ce, ta yi dariya har sai da Umma ta zungure ta.

Baba ya dubi kebul ɗin surukinsa, ya ja bakinsa ya gwada ƙarfinsa. "Sa naka," ya ce. Nasa kuma ya danƙa wa 'yarsa. "Wannan ki ajiye muku a gida. Duk ranar da iska ta ƙi, ku bi ta ƙasa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a masu jin magana, tunda kunne dai ba za su rasa ba."

Ɗaki ya amsa da amin, waƙa ta dawo.

Da suka zauna, wayar ango ta motsa a aljihu, duk da mai saƙon tana gefensa: "Kunnuwana, tambaya ta ƙarshe. Garantin nan na shekara nawa ne?"

Ya duba ya tabbatar wayarsa ba ta haɗe da komai, sannan ya rubuta: "Babu ranar ƙarewa, hasken idona. Kuma mai gyara yana cikin gida."