Fuskar da Hoto Ya Cinye

Ranar da suka fara haɗuwa allurai uku ne a bakinta, shi ya sa ma ba ta samu damar ce masa a'a ba.

Ita ce mai ɗinki a wurin ɗaukar wani fim a kan leburorin da suka shimfiɗa layin dogo tun zamanin kakanni, baƙaƙen mutanen da suka ɗauki ƙarfe a ka amma babu wanda ya damu ya rubuta sunansu. Takan ɗinka rigunan 'yan wasa, ta jiƙa su da ruwan shayi, ta goge su da dutse har su tsufa. Kowa Tela yake ce mata. Shi kuwa Mai Fitila ne, wani dogon saurayi da ba ya rabuwa da tsani, shi ke saita hasken da kyamara ke gani da shi.

"Don Allah Tela, tsaya mini a nan minti biyar. Jarumar ba ta iso ba, ina son in gwada haske."

Tela ba ta shiri da kyamara. Baƙa ce wuluk, kuma tun tana firamare duk hoton da aka ɗauke ta sai ta fito haƙora da idanu kawai, ƙawaye su yi ta dariya. Amma kafin ta cire alluran har ya ajiye mata kujera.

Bai haska ta kai tsaye ba. Ya juya fitilar ga wani farin allo, hasken ya dawo ya sauka a kumatunta a hankali. Sannan ya juyo mata da ƙaramin allon da ke gefen kyamara.

Ta ga goshi, ta ga karan hanci, ta ga ɗan tabon da ke ƙarƙashin idonta. Ta daɗe tana kallo.

"Ni ce wannan?"

"Ke ce mana. Baƙar fata ba ta son a yi mata ihu da fitila, lallaɓa ta ake yi."

Ta harare shi don kada ya ga ƙwallar da ta taru mata. Shi kuwa ya koma zai hau tsani ya tsallake matakala ɗaya, saura kaɗan ya zubar da haƙoran gaba.

Washegari ma ya kira ta gwajin haske. Jibi ma haka. Kafin mako ya zagayo saƙonni sun fara shigowa wayarta.

"Barka da asuba, Hasken Idona. Maɓallin rigata ya cire, ko za a taimaki bawan Allah?"

"Mai Fitila, maɓalli na huɗu ke nan a mako ɗaya. Wanda ya cire da kansa ba ya barin sawun almakashi."

"An kama ni. A yi mini sassauci, so ne."

Ta karanta wannan ya fi sau goma, har ta ɗinke hannun riga a wuya saboda murmushi. Gaskiyar magana, Tela ta faɗa tarkon so, kuma faɗawar ta yi mata daɗi.

Sai dai jarumar fim ɗin, wata fara mai takun isa, ita ma idonta na kansa. Wata rana Tela na durƙushe tana kama mata gefen zane, sai jarumar ta ce da ita cikin murya mai zaƙi:

"Ƙawata, kada fa ki sa abin a rai. Ka'idar aikinsu ce: wanda ya fi kowa duhu shi suke gwada haske a kansa. In ya yi daidai a kanki, ya yi daidai a kan kowa. Ke ma'auni ce."

Kwana uku Tela ba ta ɗaga wayar Mai Fitila ba, in ya biyo ta nan sai ta bi ta can. A rana ta huɗu ya tare ta a ƙofar ɗakin kaya, ta faɗa masa abin da ta ji.

Ya sosa ƙeya. "Ranar farko gaskiya ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma haske sau ɗaya ake aunawa, a rubuta a takarda. Sauran kwana goma sha takwas ɗin fitilar ma ba na taɓawa. Tambayi darakta."

Daga can baya darakta ya ɗaga murya: "Ki aure shi ki hutar da mu, Tela! Kullum sai ya cinye mana rabin awa."

Duk wurin aka tuntsire da dariya, ita kuma ta rufe fuska da rigar lebura.

Da ta kai maganar gida, a nan aka gamu da dutse. Babanta tsohon direba ne, shi da ita da Gwaggo, yayarsa, suke zaune tun rasuwar mahaifiyarta tana 'yar shekara biyu.

"Ɗan fim?" ya ce. "Na kalli finafinansu ina saurayi. Baƙin mutum kullum yana can baya da kaya a ka, fuska babu. Ba zan ba su 'yata ba."

"Baba, ai wannan fim ɗin don gyara hakan ake yin sa."

"Na gama magana."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Gwaggo ce ta zaunar da ita a kicin, ta nuna mata bangon falo da haɓa. Hoton auren iyayenta ne a rataye, shi kaɗai ne hoton mahaifiyarta a duniya. Farar riga ta fito tas, har zaren ado ana gani. Fuskar kuwa duhu ce kawai.

"Ba fim ne damuwarsa ba," in ji Gwaggo. "Kamanninta sun fara ɓace masa, ya faɗa mini da bakinsa. In yana son tuna ta, ke yake kallo kina shara. In kika tafi, me zai kalla?"

Tela ta rubuta wa Mai Fitila duk wannan. Amsarsa gajera ce:

"Share hawayenki, Hasken Idona. Ki roƙa mini izinin zuwa gaisuwa ranar Asabar da hantsi. Ki sa farar riga."

Ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa da ƙyar, ya ciro hoton daga bango ya miƙa masa.

"An ce ka iya haske. Fito mini da ita."

Tela ta san da kwamfuta zai iya yin dabara, kuma a ranta har addu'a take ya ce zai iya.

Mai Fitila ya daɗe yana duban hoton, sannan ya girgiza kai. "Ba zan iya ba, Baba. Mai hoton rigar ya auna, bai auna mutum ba. Abin da bai ɗauka ranar ba, babu mai dawo da shi. Zan iya ƙirƙiro maka wata fuska, amma ba ta Mama ba ce, kuma kai za ka sani."

Baba ya dube shi, karo na farko, ido cikin ido.

"Amma in ka yarda," ya ci gaba, "a ara mini farin zanen gado da kujera ɗaya."

Ya zaunar da Tela a gefen taga, ya karkatar da kanta yadda na mahaifiyarta yake a hoton. Ya ba Gwaggo zanen ta riƙe daga ɗaya gefen, tana mita wai hannunta ya gaji tun ba a fara ba. Hasken hantsi ya bugi zanen ya dawo. Ya ciro kyamara daga jakarsa, ya danna sau ɗaya, ya miƙa wa Baba.

Baba ya gyara tabarau. Ya kira sunan mahaifiyarta, sunan da Tela ba ta taɓa jin ya kira da ƙarfi ba, sannan ya ce a hankali, "Haka take. Wallahi haka take ranar."

Gwaggo ta yar da zanen ta fashe da kuka. Tela ta rarrafa ta ɗora kanta a gwiwarsa.

Sai da aka daɗe kafin Baba ya share fuska da hularsa, ya ce, "Yaro, ka ce wa manyanka su zo. Amma da sharaɗi: duk Asabar ka kawo mini ita. Hoto ba ya gaida mutum."

An ɗaura aure wata biyu bayan an gama fim ɗin. 'Yan wasa suka cika gidan, jarumar ma ta zo da kyauta da ɗan guntun murmushi. Ango kuwa bai zauna ba, yana ta bin mai ɗaukar hoto yana gyara masa tsayuwa, har sai da Gwaggo ta ja shi da babbar riga ta zaunar.

Da za su tafi, Baba ya kai su gaban bango. Hotuna biyu ne yanzu a jere, farar riga da farar riga. Ya haɗa hannuwansu a cikin nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Kai kuma, in jikokina suka zo, ka ɗauke su da kyau. Ina son a gan su."