Littafin da Baba Ya Raba Biyu

A shekarar da kaya suka yi tsada, akwai wani yaro da ke zaune da iyayensa a gidan haya. Ana ce masa Dogo, don ya fi kowa tsawo a ajinsu.

Babansa kafinta ne. A da yana yin gadaje da kujeru sababbi. Yanzu kuwa ba mai sayen sabo. Gyara kawai ake kawo masa: ƙofar da ta ƙi rufuwa, ko teburin da ke ɗingishi.

A ɗakinsu ba a zubar da komai. Guntayen sabulu, Mama tana matse su wuri guda su koma ɗaya. Ruwan ɗauraya, da shi ake wanke tsakar gida. Ɓarɓashin katakon da ke zuba a shagon Baba kuma, a buhu ake tara shi, a kawo gida a hura wuta.

A ɗakin da ke kallon nasu akwai wata mata mai wanki da guga, ita da ɗanta. Yaron ajinsu ɗaya da Dogo. Shi kuma Gajere ake ce masa. Babansa ya tafi neman aiki nesa, ya daɗe bai aiko da komai ba.

Ɗakunan biyu suna taimakon juna. Mama tana ɗibar wa maman Gajere ɓarɓashin katako. Ita kuma idan ta gama gugar mutane, kafin dutsen gugar ya huce, sai ta goge wa Dogo rigar makaranta.

Da aka koma makaranta, Malama ta ce kowa ya zo da littafin kimiyya. Baba ya yi ta yawo har ya samo wani tsoho mai araha. Maman Gajere kuwa ko tambayar kuɗinsa ba ta yi ba.

Ran nan Baba ya ɗora littafin a kan benci. Ya ɗauko wuƙa mai kaifi.

“Baba! Me za ka yi masa?” in ji Dogo.

“Tiyata.”

“Ba shi da lafiya ne?”

“Lafiyarsa ƙalau. Ƙiba ce ta yi masa yawa. Ya fi ƙarfin yaro ɗaya.”

Ya tsaga littafin ta tsakiya, ya zama biyu. Ya yanko kwalin sabulu ya yi wa kowane rabi bango. Gam ya yi tsada, don haka ya dama fulawa da ruwan zafi ya liƙe su da ita. Sannan ya kira Gajere.

“Yau ɗaya ya riƙe rabin gaba, ɗaya ya riƙe na baya. Gobe ku yi musaya. Kuma ku riƙa ajiye shi a sama. Wannan gam ɗin abincin ɓera ne.”

Gajere ya karɓa da hannu biyu. “Na gode, Baba.”

Dogo ya ɗaure fuska. Littafinsa ne aka yanka. Kuma bai ji daɗin yadda Gajere ya ce “Baba” ba.

A farkon zango, rabin gaba ake koyarwa. Duk ranar da rabin baya ya faɗo hannun Dogo, fifita yake yi da shi. Gajere kuwa karanta shi yake yi. Yana karantawa yana miƙa wa mamansa gawayi. Yana karantawa yana jiran layin famfo.

Ba a daɗe ba aka fara ganin bambanci. Malama ba ta gama tambaya, hannun Gajere yana sama.

“Madalla! Ku tafa masa,” in ji Malama.

Aji ya ɗauki tafi. Dogo ma yana tafawa, amma da yatsu biyu.

Wata rana da yamma Baba yana fama da wata ƙofa a tsakar gida. Ya ce, “Kai, 'yan boko, wa zai gaya mini abin da ya sa katako ke kumbura da damina?”

Dogo ya fara sosa ƙeya.

“Ruwan da ke cikin iska yake sha, Baba,” in ji Gajere.

Baba ya yi dariya, ya shafa kan Gajere. Sai ya zaro jan fensirin da yake maƙalewa a bayan kunne, ya miƙa masa. Guntu ne, bai fi ɗan yatsa ba. Amma Dogo ya daɗe yana roƙon wannan fensirin.

Ya shige ɗaki ya sami Mama tana tsince shinkafa.

“Mama, littafinmu, wutarmu, fensirinmu. Yanzu har Babanmu zai ƙwace.”

“Wa ya ƙwace maka uba? Ga shi can yana buga ƙusa.”

“Da littafina fa yake fi na a aji!”

Mama ba ta ko ɗaga kai ba. “Littafin ne ya ce kada ka buɗe shi?”

Dogo ya turo baki. Tun daga ranar, komai na Gajere haushi yake ba shi. Tafiyarsa, dariyarsa, har yadda yake fere jan fensirin a hankali kamar zinariya.

Da zango ya kusa ƙarewa, Malama ta ce, “Mako mai zuwa akwai jarrabawa. Ku karanta babin ruwa da na tsirrai.”

Duka biyun a rabin baya suke. Kuma ranar, rabin baya yana hannun Dogo.

Da ya dawo gida, ya tarar ba kowa a ɗaki. Ya dubi buhun ɓarɓashin katako a bayan ƙofa. Ya cusa littafin can ƙasa, har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa. Ya ce a ransa, “In an gama jarrabawa na fito da shi. Mu ga ta inda zai yi na ɗaya.”

Washegari Gajere ya zo bakin ƙofa. “Dogo, ga naka. Ba ni ɗayan.”

“Wanne? Ai jiya na ba ka.”

“Ni? Yaushe?”

“A bakin famfo mana. Kai dai ka cika mantuwa.”

Gajere ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya juya da gudu. Dogo yana jin su suna ɗaga katifa, suna zazzage kayan wankin mutane. Yana kuma jin muryar maman Gajere.

“Abin aro! Abin da aka yanka saboda kai! Da wane ido zan kalli mutanen nan?”

“Mama, wallahi bai ba ni ba.”

“Rufe mini baki! Ƙarya zai yi maka?”

Can ta fito ta kawo wa Mama rabin gaba. Ta ce, “'Yar'uwa, ku riƙe wannan, kada shi ma ya salwanta.”

Mama ta yi ta ba ta haƙuri, amma ta ƙi komawa da shi.

Dogo ya ji daɗi. Sai dai daɗin bai kai azahar ba. A aji Malama ta yi tambaya. Gajere bai ɗaga hannu ba, kansa na kan tebur. Malama ta duba, ta ga wanda ya fi kowa tsawo.

“Dogo, ina ruwan sama yake fitowa?”

“Daga sama, Malama.”

Aji ya fashe da dariya. A nan Dogo ya lura da wani abu. Shirun Gajere bai ƙara masa amsa ko ɗaya a ka ba.

Ranar Asabar da safe, Baba yana shirin fita shago. Sai ga maman Gajere da dutsen gugarta. Ta goge shi tas, ta naɗe shi a tsumma.

“Ina za ki da shi?” in ji Baba.

“Kasuwa, baban Dogo. Zan sayar na sayo muku wani littafin.”

“Haba! A kan tsohon littafi? To da me za ki yi sana'a?”

“Wanki dai ba ya buƙatar dutse. Guga kuma sai wata rana.”

“Mu ba mu ce ki biya ba.”

“Na sani. Shi ya sa ma abin ya fi damuna. Kun yi mana alheri, mun saka muku da sakaci.”

Dogo yana tsaye a bakin ƙofa. Ya san dutsen nan. Shi ke ciyar da su Gajere. Shi ke sa rigarsa ta makaranta ta tsaya cak kamar ta ɗan mai kuɗi. Ya dubi Gajere a gefen mamansa, idanunsa sun yi ja.

Ta kai bakin ƙofar gida, sai Dogo ya ji muryarsa ta fita da kanta.

“Gwaggo, tsaya! Kada ki tafi. Littafin bai ɓata ba. Ni na ɓoye shi.”

Kowa ya juyo ya dube shi.

“Ka ce me?” in ji Mama.

“Yana cikin buhu. Ban taɓa ba Gajere ba. Ƙarya na yi.”

Ya jawo buhun waje. Ya zura hannu, ya taɓo kwalin, ya zaro. Kwalin ya fito da sauƙi, ya yi shafal. Sai wani ƙaton ɓera ya yi tsalle ya bi ta tsakanin ƙafafunsa.

Dogo ya zazzage buhun gaba ɗaya. A ƙasa akwai wata 'yar sheƙa mai laushi, an yi ta da guntayen takarda. Ɓeraye sun cinye gam ɗin, sun yayyage shafukan. A wani guntu an rubuta “gajimare”. A wani kuma rabin hoton ganye ne.

Baba ya tsuguna ya duba da kyau.

“To,” ya ce, “ɓeraye dai sun gama shirin jarrabawa. Saura kai.”

Ba wanda ya yi dariya. Dogo ya fara kuka.

“Me ya sa ka yi haka?” in ji Baba.

“Kullum shi ake tafa wa. Kuma ka ba shi fensirinka.”

Baba ya dube shi ya ce, “Da ka ɓoye littafin, an tafa maka?”

“A'a.”

“To, share hawayenka. Ba ni ka yi wa laifi ba. Ga su nan.”

Dogo ya je ya durƙusa gaban maman Gajere. “Gwaggo, ki yafe mini.”

Ta kwance dutsen daga tsumma, ta sauke numfashi. “Na yafe maka, ɗana. Amma ka sa na yi wa yarona faɗa a kan gaskiyarsa. Wannan ya fi littafin ciwo.” Ta jawo Gajere jikinta. “Kai ma ka yafe mini.”

Dogo ya juya wajen Gajere. “Ka yi haƙuri.”

“Kwana biyu Mama ba ta yi mini dariya ba,” in ji Gajere. Ya shige ɗaki ya saki labule.

Baba ya yanke hukunci. Duk hutun nan, Dogo ne zai riƙa share shago. Shi zai ɗauko buhu a ka, ya kai wa maman Gajere rabonta har ɗaki. Ranar Litinin kuma, shi zai gaya wa Malama abin da ya faru da bakinsa.

Wunin ranar Dogo ya zauna yana jera guntayen takarda a ƙasa. Babu biyu da suka haɗu. Jarrabawa ta matso, kuma babu abin da zai karanta.

Da la'asar wata inuwa ta tsaya a kansa. Inuwar ba ta da tsawo. Gajere ne, riƙe da guntun falanki da jan fensiri.

“Matsa mini,” ya ce. “Ƙafafun nan naka sun cinye tsakar gida.”

Ya zauna ya zana kogi. Ya zana rana, da tururi yana tashi, da gajimare, da ruwa yana saukowa. Ya rubuta sunan kowanne, daidai yadda yake a littafin.

Dogo ya buɗe baki. “Duk ka haddace? Ta yaya?”

“Littafin ba nawa ba ne. Kullum ina tunanin gobe za a iya karɓewa. Shi ya sa nake kwashewa na zuba a kai.”

“Ba ka fushi da ni?”

“Ina yi mana. Amma babanka ya yanka littafinka saboda ni. Karɓi fensirin, ka zana naka. Kada ka danna da ƙarfi, saura kaɗan ya ƙare.”

Suka yi ta zane har falankin ya cika, suka juya bayansa.

Da sakamako ya fito, Gajere ne ya zo na ɗaya. Dogo bai zo na ɗaya ba, bai zo na biyu ba, amma ya ci. Malama ta ce a tafa wa Gajere. Wannan karon Dogo ya tafa da hannu biyu, har tafinsa ya yi zafi.

Da sabon zango ya zo, Baba ya sake samo wani tsohon littafi. Ya ɗora shi a kan benci, ya dubi Dogo.

“Yaya? A bar maka shi da ƙibarsa?”

“A'a, Baba. A yi masa tiyata. Ni zan dama gam.”

Tun daga lokacin Dogo ya gane cewa hassada ba ta ƙara wa mai yin ta komai, sai dai ta lalata ɗan abin da yake da shi. Ya kuma gane cewa a lokacin wahala, abin da ka raba da maƙwabcinka ba asara ba ne. Rabin littafinsa kuwa, a saman kabad yake kwana, inda ɓera ba ya kaiwa.