Ranar da Baban Wendell Ya Ɗauki Tire

Shekara shida Renata Vasko ta yi tana kai wa mutane abinci a shagon Madam Odessa da ke bakin tafki a garin Erie na Amurka, amma ba ta taɓa haɗuwa da irin dattijon da ya shigo wata Talata da hantsi ba.

Ya zauna kusa da taga, ya cire hularsa mai ruwan toka, sannan ya zaro takardun dala ɗai-ɗai guda biyar ya jera su a bakin tebur. Da ta iso da murmushinta tana tambayar abin da zai ci, sai ya nuna mata su da yatsa.

"Kin ga waɗannan? Tukuicinki ne. Duk kuskuren da kika yi, zan ɗauke ɗaya."

Ta ɗauka wasa yake, har ta yi dariya. Shi ko gezau.

Ya ce a kawo masa soyayyen ƙwai da fanke da gahawa. Ƙwan ya ɗan jima, don kuku ɗaya ne a kicin ranar. Da ta ajiye masa farantin, ya dubi agogonsa, ya ɗauke dala ɗaya ya zura a aljihu yana kallon ƙwayar idonta. Ta juya ta ci gaba da aikinta. Can wata mata ta ɓarar da lemo a wani tebur, Renata ta sunkuya tana gogewa, ba ta ga lokacin da ya ɗaga kofinsa yana neman ƙarin gahawa ba. Dala ta biyu ta bi 'yar uwarta.

Sai kawai ta tako, ta tattara ukun da suka rage, ta ninke su ta ajiye masa cikin hularsa.

"Baba, riƙe kayanka. Ka ci abincinka hankali kwance, ni ma in yi aikina da mutuncina. Kofinka ba zai bushe ba, amma ba don waɗannan ba."

Dattijon ya ƙare abincinsa, ya biya, ya fita.

Da yamma Wendell ya zo ɗaukarta. Malamin kiɗa ne a makarantar sakandare, wata takwas ke nan suna tare, kuma ranar Asabar mai zuwa ya shirya kai ta gida ta gaida iyayensa. Tun kafin ta ɗaura bel ta fara ba shi labari, tana kwaikwayon yadda mutumin ke duba agogo. Wendell ya fara dariya, sai dariyar ta maƙale.

"Masoyiya... hular tasa, mai ruwan toka ce?"

"Ita ce. Ka san shi?"

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. "Babana ne."

Ashe tun da ya gaya wa iyayensa inda take aiki, Mista Harlan Pruitt ya ƙudurta sai ya je ya ga yarinyar da idonsa. Mutum ne da ya shekara arba'in a masana'antar ƙera kan jirgin ƙasa, aikinsa duba inda aka yi kuskure. Ya yi ritaya, amma idon bai yi ba. Renata ta rufe fuska da tafin hannu, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, ƙarshe ta haɗa duka biyun.

Ranar Asabar Mama Geneva, mahaifiyar Wendell, ce ta buɗe ƙofa. Ta rungume Renata kamar ta daɗe da saninta, ta raɗa mata a kunne cewa labarin hula ya iso gidan, kuma ta fi wata guda ba ta yi dariya irin ta ranar ba.

Maigidan kuwa sai da aka yanka gasasshiyar kaza sannan ya buɗe baki. Ya ce shi ba ya ƙin talaka, shi ma ɗan talaka ne, amma yarinyar da ba ta karɓar gyara ba ya ganin za ta riƙe gida. Tukuici, in ji shi, ladan aiki ne: wanda ya kyautata ya samu, wanda ya yi sakaci ya rasa, kuma da haka duniya ke gyaruwa.

Renata ta ajiye cokali. Cikin ladabi ta ce masa albashinta bai kai dala uku a awa ba, abin da baƙi suka bari shi ne kuɗin hayarta. Ta ce ta ga ranar da ta yi hidima kamar za ta mutu aka bar mata tebur fayau, ta kuma ga ranar da ta manta rabin abincin mutane suka cika mata hannu don kawai ƙungiyar ƙwallonsu ta ci wasa.

"Wannan hujjar malalata ce," in ji Mista Harlan.

Wendell ya miƙe tsaye, ya ce da yardarsa ko babu, ita zai aura. Uban ya ce to a yi lafiya, amma kada a ajiye masa kujera a wurin biki. Wendell shi kaɗai iyayensa suka haifa, ta kuma san yadda yake zuwa duk mako ya yanke musu ciyawa, yadda idonsa ke haske in yana maganar babansa. Ta kamo hannunsa ta zaunar da shi.

"Ba zan shiga tsakaninka da shi ba, Wendell. In babu shi a wurin, babu ni."

Mama Geneva ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar, sannan ta juya ga mijinta tana goge hannu da tsumma.

"Harlan, shekara arba'in da ɗaya muna tare, ko farantinka ba ka taɓa kai wa kicin ba. Tunda ka san sirrin aikin, je ka ɗauki tire na safiya ɗaya mana, mu ga naka tukuicin."

Da wani ne ya faɗa, da ya share. Amma a gaban baƙuwa aka taɓa girman kansa. Ya ce zai je, kuma sai ya ninka abin da yarinyar ke samu.

Madam Odessa ta sha dariya har da riƙe ciki da aka kawo mata maganar. Dama ɗaya daga ma'aikatanta na hutun haihuwa, don haka ta ce ya zo Lahadi, lokacin da ake tasowa daga coci, ta ba shi tebur uku.

Ya iso da farar riga a goge, da alƙalami biyu a aljihu. Tebur na farko iyali ne su bakwai. Gaskiya ya yi abin a yaba: bai manta ko gishiri ba, bai bari kofi ɗaya ya kai rabi ba, har ya tuna wanda ba ya cin albasa. Suka tashi suna yaba kirkinsa. Da ya je kwashe kwanuka, 'yan sulalla ya tarar ƙarƙashin faranti. Ya ɗaga farantin ya sake dubawa, ya leƙa ƙasan tebur. Renata ta wuce shi da tire a kafaɗa ta yi kamar ba ta gani ba.

A tebur na biyu abin ya rikice masa. Ya zuba wa wata mata gahawa a jaka, ya kai wa mijinta abincin wasu. Ya tsaya yana ta ba da haƙuri, gumi na bin wuyansa. Matar ta ce ya manta kawai, jikarsu ta fari aka haifa da asuba, yau ko miya ya zuba mata a kai ba za ta ji haushi ba. Suka nuna masa hoton jaririyar, suka bar masa dala ashirin.

Mista Harlan ya tsaya riƙe da takardar yana kallonta kamar an rubuta ta da wani yare.

Na ukun ne ya fi zafi. Wani mutum mai babban agogo ya ce a gasa masa nama, kicin ya cushe, naman ya ƙi fitowa. Mutumin ya fara kaɗa yatsu yana kira, "Kai tsoho, barci kake yi?" Ya ɗaga murya ya ce in mutum ƙafarsa ta gaji ya zauna a gida, kuma kada ya sa ran ko sisi. Mutane suka juyo.

Renata ta ajiye tirenta ta zo ta tsaya a gefensa.

"Yallaɓai, sunansa Mista Pruitt. Namanka na kan wuta, ni da kaina zan kawo maka. Tukuicinka kuma naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Amma a shagon nan ba a kiran mutum da yatsa."

Mutumin ya yi gunaguni ya sunkuyar da kai. Daga can wani tebur wata tsohuwa ta ɗan tafa.

Sai wajen ƙarfe biyu aka samu sarari. Renata ta same shi a bayan shago, zaune a kan matakala, ya cire takalma yana matsa ƙafafunsa da suka kumbura. Ta miƙa masa ruwan sanyi ta zauna nesa kaɗan.

"Inda na yi daidai ban samu ba," ya ce a hankali. "Inda na ɓata aka ba ni. Inda ba ni da laifi aka zage ni." Ya girgiza kai. "Shekara nawa ina yi wa 'ya'yan mutane abin nan, ina ganin koya musu aiki nake..."

Ta ce masa ba a hana shi rage tukuici in an wulaƙanta shi ba, ita ma ta san akwai masu sakaci a aikin. Abin da ke ciwo shi ne a sa mutum yana aiki ana auna shi a gaban idonsa. Ya ce ya gane, ya kuma roƙe ta gafara, kalmar da Mama Geneva ta rantse daga baya cewa sau biyu kacal ta taɓa jin ta a bakinsa.

Sannan ya yi gyaran murya, ya kau da kai wajen tafki.

"Wendell ya ce min mahaifinki ya rasu kina 'yar shekara tara. To ranar... wa zai riƙe hannunki ya shiga da ke coci?"

Ta ce ba ta da kowa, ta yi niyyar shiga ita kaɗai.

"In ba za ki ji kunyar tsoho mai zubar da gahawa ba, ni ina so."

Hawaye suka zubo mata, tana dariya tana share su da bayan hannu. Ta matso ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Wendell, da ya zo ɗaukarsu tare da Mama Geneva, ya leƙo ta ƙofar kicin yana neman su, sai ya ja da baya a hankali, ya je ya kira mahaifiyarsa ta zo ta gani.

A watan Yuni aka ɗaura auren. Da aka buɗe ƙofar coci, Mista Harlan ya ɗan sunkuyo ya tambaye ta ko ta shirya. Renata ta hango Wendell can gaba yana goge ido, ta ƙara riƙe hannun dattijon.

"Na shirya, Baba. Mu je."