Ƙwarƙwatar Aji Ɗaya

"Innalillahi! Jamilatu, kada ki motsa!"

Radiya ta saki kitson da take yi mini, ta tsinko wani abu daga gashina ta ajiye a kan farin faranti.

"Mene ne?"

"Ƙwarƙwata... Wallahi ƙwarƙwata ce! Ga ta nan tana tafiya!"

Tsigar jikina ta tashi. Ni Jamilatu, wadda ko kofin ƙanwata ba na shan ruwa da shi, yau ni ce da ƙwarƙwata, ana gab da kawo lefena!

Radiya 'yar ƙanwar Hajiyar Muntasir ce, saurayin da zan aura. Ita ta tako har gidanmu a Kusfa ta ce tana so ta yi wa amaryarsu kitso. Ni kuwa sakarai na ɗauka ƙauna ce, ashe da walakin goro a miya. Na ga ta ɗaga waya saitin kaina, na zaci haske take kunnawa.

Na san inda na kwaso ta. A bana na fara koyarwa a firamaren unguwarmu, aka damƙa mini aji ɗaya. A kwalejin ilimi babu wanda ya koya mana yadda ake yi da majina. Wannan ya saki fitsari a tabarma, wancan ya goge hanci da hijabina, wani ya lashe awara ya miƙo mini wai in ɗanɗana. Kullum na dawo gida sai na cuɗe jikina kamar zan ɗaye fata, ina rantsuwar gobe ba zan koma ba.

Amma akwai Hidaya. Marainiya ce, uwarta ta rasu bara, ba ta magana da kowa. Ranar da ta fara rubuta sunanta a allo har ƙwalla na yi. Tun daga nan, da an fita tara sai ta lallaɓo ta cusa kanta cikin hijabina ta yi barci. Ƙyanƙyami nake ji, ina kuma kasa korar ta.

Kafin magariba bidiyon kaina ya zagaye dangin Muntasir, ya tsallako unguwa.

Umma ta zaunar da ni a tsakar gida tana tsefe ni da magani da mataji, tana faɗa.

"Ban ce miki ba? Aikin wanke kashin 'ya'yan mutane! Ga shi kin ja mana abin faɗa a garin nan."

Washegari da la'asar Muntasir ya zo, daga ofishinsu da ke unguwar Kongo. Da can sai na yi ta ce masa ya matsa kada Baba ya shigo. Ranar kuwa can bakin ƙofar zaure ya tsaya, yana ta gyara hula.

"Sahibata... ya jikin?"

"Lafiyata lau, Muntasir. Ba ciwo nake yi ba."

"Na sani, hasken idona. Amma Hajiya ta ga abin. Ko abinci ta kasa ci."

"Ka tambayi wadda ta tura mata?"

"Radiya ta ce kuskure ne, hannunta ne ya taɓa."

"Hannunta ya taɓa har da rubuta 'ga amaryarmu' a ƙasa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ki bar wannan. Hajiya ta ce ba za a kawo lefe ba sai kin ajiye aikin nan. Ta ce gidanmu gidan malamai ne, ba za a shigo mana da ƙazanta ba."

"Kai fa? Me ka ce?"

"Ni ke nake so, Jamila. Ke ma ai kullum kuka kike yi da yaran nan."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ina son Muntasir, son da har kunyar kaina nake ji. Na ce masa ranar Litinin zan sanar da hedimasta. Ya yi murmushi, ya ce zai zo da kansa ya ɗauko ni daga makarantar. Ko da zai tafi, daga nesa ya ɗago mini hannu.

Ranar Litinin na shiga aji don in yi wa yaran sallama, sai na tarar da su sun yi da'ira suna tafi.

"Mai ƙwarƙwata! Mai ƙwarƙwata!"

Na daka musu tsawa suka watse. Hidaya ce a tsakiya, an fizge mata hijabi. An aske kanta ƙwal, reza ta yanke ta wuri-wuri, yankan sun kumbura suna ruwa, ƙudaje na bi.

"Wa ya yi miki haka?"

"Babana... Ya ce ni na sa wa Malama. Ya ce na kunyata shi."

Na taɓa goshinta, zafi rau. Na rufe mata kai, na saɓa ta a kafaɗa, na roƙi Malama Hassana ta aji biyu ta duba mini yaran.

Motar Muntasir na bakin get. Radiya na zaune a gaba, wai ta rako shi ba ni haƙuri.

"Alhamdulillah da ka zo! Buɗe baya, asibiti za mu kai ta."

Ya leƙo, ya ga kan yarinyar, ya yamutsa fuska.

"Ita ce?"

"Ita ce me?"

"Wadda ta shafa miki. Haba Sahiba... Hajiya na shiga motar nan fa."

Radiya ta toshe hanci da mayafi.

"Yaya, don Allah ɗaga gilas."

Ya ɗaga, sai ɗan abin da muryarsa za ta fito ya bari.

"Ki mayar da ita, makaranta ta kira ubanta. Ke ai kin gama da su yau. Shigo mu tafi, masoyiyata."

Na tsaya ina kallon sa. Wata da watanni ina kwasar amai da fitsari, amma ban taɓa jin zuciyata ta tashi kamar lokacin nan ba. Ga shadda ta sha guga, ga turare har waje, ni kuwa ji nake kamar in tofar da yawu.

"Muntasir."

"Na'am, rabin raina?"

"Ka ce wa Hajiya ta ci abincinta. Lefen kuma ga mai so nan kusa da kai."

"Jamila! Saboda 'yar wani?"

Na juya masa baya. Na tsayar da mai keke na ce Ƙofar Doka, asibiti.

Ina shiga kuka ya ƙwace mini, don har lokacin ina son sa, kuma na san ba zai biyo ni ba. Bai biyo ba.

Mun kusa ƙofar gari keken ya faɗa rami, Hidaya ta kelaya mini amai a cinya, kokon safe da ƙosai, da ɗuminsa.

"Malama, ki yi haƙuri... Kada ki tafi."

Na rufe ido, na haɗiye abin da ya taso mini. Na sa gefen hijabina na goge mata baki.

"Kwanta abinki. Gobe ma ni ce a ajin."