Tsinken Kitson Mama Honorine

Gara in faɗa tun farko: ba na gama littafi. Shekara talatin ina koyarwa a lekwal, wato makarantar boko, ina zare wa yara ido su yi karatu, amma ni shafi goma na farko nake karantawa, in leƙa na ƙarshe, in rufe, in gyaɗa kai kamar wanda ya gano sirrin duniya. Littafi ɗaya tak na taɓa kaiwa ƙarshe, shi ma tsoro ne ya kai ni.

A daminar 1988 ne, a nan Garuwa. Ranar Lahadi, an tashi daga majami'a, Monique, yarinyar da nake son aura, ta tare ni a gindin dogon yaro.

"Zacharie, ka je wurin Baba ko ba ka je ba?"

"Ina shiri, sheri..."

"Wata biyar kana shiri! Soja ne kai?"

"Tsohon nan kallo ɗaya yake min in manta sunana."

"Kallo? Mutumin da ko fuskata da ƙyar yake gani?" Ta sassauta murya. "Goggo ta aiko daga Poli. In aka koma lekwal a Satumba babu magana tsayayya, za ta kwashe mu, ni da Baba. Kuma zan bi shi, Zacharie. Na yi wa Mama alkawari ba zan sake hannunsa ba."

Washegari na je.

Baba Barthélemy, mahaifin Monique, shi ne katishis ɗinmu, mai koya wa masu neman baftisma addini. Yanar ido ta rufe masa gani tun bayan rasuwar matarsa, Mama Honorine, shekara biyu kafin nan. A ɗakinsa akwai kabad cike da littattafan da wani tsohon mompe, limamin majami'armu Bafaranshe, ya bar masa lokacin da zai koma ƙasarsu. Gidan kuma yana da al'ada: duk babban hutu, kowa ya ɗauki littafi ɗaya. Ranar Lahadin ƙarshe kafin a koma lekwal a zauna a tsakar gida, kowa ya faɗi abin da ya karanta. Monique tsofaffin labaran soyayya take ɗauka, irin waɗanda ake shafi ɗari uku kafin a riƙe hannu.

Na gama kame-kamena na neman auren Monique. Tsohon ya saurare ni har ƙarshe. Ya miƙe, ya lalubi kabad, ya ciro wani abu mai kaurin bulo, ya ɗora min a cinya.

"Tauhidi ne. A kan matattu da masu rai. Juzu'i na farko." Ya zauna. "Ka karanta shi a hutun nan. Namijin da ba zai iya zama da littafi wata biyu ba, ban ga yadda zan ba shi 'yata ya zauna da ita har tsufa ba."

"To, Baba."

"Uwarta ta fara shi hutun da ta rasu. Ta tsaya a shafi na tamanin."

A hanya na yi ta murmushi. Goma na farko, ɗaya na ƙarshe, sai ƙarfin hali. Sai da na isa ɗaki na buɗe na ga tarkon.

Tsofaffin littattafan Faransa ba a yanke suke zuwa ba. Takardun a naɗe suke, a haɗe ta sama da gefe, sai mai karatu ya bi su da wuƙa yana rabawa. Wato littafin da kansa yake faɗin inda ka kai. Shafi tamanin na farko a rabe suke, bakinsu duk ya yi zare-zare kamar gefen tsohon zane, kuma a ƙasan kowane shafi akwai tabon babban yatsa na man kaɗe, ya yi ja saboda daɗewa. Sauran shafi ɗari huɗu a liƙe.

Na ce ba komai. Ana gobe zaman Lahadin ƙarshe in ari wuƙa in tsaga su duka. Na ajiye shi a kan tebur.

Lokacin ina haya a unguwar Yelwa, a gidan Muntaka mahauci. Tare muka tashi da shi, don mahaifina mai duba lafiyar nama ne a mayanka, a bakin mahauta na sha Hausa. Da safe nakan kulle ɗaki in tafi koyar da darasin hutu, in dawo da azahar.

Ranar Laraba na dawo, rana tsaka, ko kaza ba ta motsi. Na buɗe ƙofa sai ƙanshin man kaɗe. Ni kuwa ba na shafa shi.

Littafin yana inda na bar shi. Amma a kan tebur akwai ɗan garin takarda, fari, kamar an kankare rogo. Na buɗe. Tamanin da ɗaya... a rabe. Har zuwa casa'in da shida. Bakin shafukan zare-zare. A ƙasa, tabon yatsa.

Na taɓa shi. Bai bushe ba.

Na fita tsakar gida da littafin. Muntaka na wasa wuƙa.

"Kai, wasan banza ne wannan!" na ce masa.

"Wane wasa, Metir?" Haka ake kiran malamin lekwal.

"Wa ya shiga ɗakina ya yanka min littafi?"

Ya karɓa, ya bi bakin takardar da farce, ya yi tsaki. "Ka raina min sana'a. Ni in na yanka abu, ba ka ganin inda wuƙa ta bi. Wannan ba wuƙa ba ce ma. Tsinke ne. Aikin mace." Ya ɗaga murya. "Kaltumi! Ke kika buɗe ɗakin Metir?"

Matarsa ce ke riƙe da ɗayan makullin. Ta leƙo daga madafa. "Ni? In yi me da littafin Nasara? Wallahi makullin na ƙasan tukunyata tun bara."

"To ka ji," in ji Muntaka, ya miƙo min da yatsa biyu. "Ka kai wa mompenku ya yayyafa masa ruwan nan naku. Kuma kada ka kawo min shi kusa da nama."

Ban kai ba. In ce masa me? Na koma ɗaki, na zauna, kuma don ban san abin da zan yi da hannuwana ba, na karanta shafuka goma sha shidan nan. Ban gane rabi ba.

Washegari da azahar, wasu goma sha shida a rabe.

Ranar Lahadi na tambayi Monique, kamar da wasa.

"Mama... da me take yanke littafi?"

Ta dube ni. "Da tsinken kitsonta na ƙarfe. Baba ya yi ta faɗa tana ɓata littafin mompe. Me ya kawo wannan?"

"Ba komai."

"Kana karantawa kuwa?"

"Na wuce ɗari da ashirin."

"Zacharie!" Ta kama hannuna a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba. "Wayyo, masoyina... Na ɗauka ba za ka iya ba!"

Nan ne ya kamata in faɗa mata. Amma hannunta na cikin nawa, sai na ga maganar za ta iya jira.

Na gwada yin tawaye sau ɗaya. Na ƙi karantawa, na tura littafin ƙarƙashin katifa. Da na dawo, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, kogin Binuwai ya cika har ana zuwa gada kallo. Na buɗe ƙofa. Littafin na kan matashina, a buɗe, daidai layin da na tsaya. Ba a ƙara yanke ko shafi ɗaya ba. Kujerar da nake barin ta a jikin tebur kuma an juyo da ita tana fuskantar gado.

Ni malami ne, na gane zaman. Haka nake zama in ina jiran yaro ya gama aikin da ya ƙi yi.

Daga ranar na daina gardama. In na shigo sai in gaishe ta da Fillanci, in ce, "Jam na, Mama," in wanke hannu, in zauna a bakin gado in karanta da ƙarfi, ina fuskantar kujerar. In jimla ta yi tsawo in ce, "Ki yi haƙuri, bari in sake." Muntaka ya daina wucewa ta ƙofata. Kaltumi ta fara ajiye min abinci daga nesa.

Abin haushi, littafin ya fara shiga ni. Marubucin yana cewa waɗanda suka rasu ba su bar gidan ba, ɗaki kawai suka sake, kuma har yanzu da bakinsu a maganar iyali. Na karanta wannan sau uku. Ban ɗaga kai na dubi kujerar ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe na kai shafi na ƙarshe. Na rufe. Na ce, "Mun gama, Mama." Ƙanshin man kaɗen bai sake dawowa ba.

Lahadi, bayan an taso daga majami'a, aka shimfiɗa tabarmi a gidan Baba. Goggon Poli ta iso, har ta fara ɗaure kwanuka. Monique ta ba da labarin littafinta. Sai aka zo kaina. Na shirya jawabi mai sassa uku.

Baba bai nemi jawabi ba. Ya miƙo hannu.

Ya ɗora littafin a gwiwa, ya sa babban yatsa yana bin bakin shafukan, a hankali, daga farko. Ya wuce tamanin. Yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Ya kai littafin hanci.



"Zacharie."

"Na'am, Baba."

"Wa ya yanke wannan?"

Ƙaryar na bakin harshena, a shirye, da kwalliyarta. In ce ni ne, na samo tsinke don girmama Mama. Da ta wuce, na sani. Amma wata biyu na yi ina karatu a gaban kujerar da ba a yi wa ƙarya.

"Ba ni ba ne, Baba. Niyyata in tsaga su da wuƙar Muntaka ana gobe, in zo in yi maka surutu. Ban taɓa gama littafi ba a rayuwata. Kullum in na dawo sai in tarar an yanke min goma sha shida, in na ƙi karantawa a jira ni. Ban san ko wane ne ba. Amma na karanta shi duka, wannan kam na rantse."

"Yesu!" in ji Goggo, ta ja tabarmarta baya.

Baba ya rungume littafin a ƙirji. Hawaye na fita daga fararen idanun nan.

"Ba ta taɓa barin aiki rabi ba," ya ce. "Shekara biyu abin nan na damuna..." Ya goge fuska. "Monique, zo. Uwarki ta riga ni magana. Ni wane ne?"

Ya lalubo hannunta, ya lalubo nawa, ya haɗa.

Na saci kallonta. Kanta a sunkuye, tana kuka, amma gefen bakinta na motsi kamar mai danne dariya. Nan take komai ya warware min. Wa zai gaji tsinken uwa in ba 'yarta ba? Wa ya san man da take shafawa? Kaltumi na da makulli, mata kuwa ba sa tona wa juna. Yarinyar nan ta san halina, ta bi ruwa da rana tana ratsa gari kullum don ta ja ni da hanci har shafi na ƙarshe!

Wallahi ban taɓa son ta kamar ranar ba.

Aka ɗaura aure a Disamba. Baba ya zauna tare da mu har Allah ya karɓe shi. Ban taɓa ta da maganar ba, ita ma haka. Na ɗauke ta wani abu namu mu biyu, wanda faɗa zai rage masa daɗi. Duk faɗan da muka yi cikin shekarun nan, in na tuna ta a tsaye a ɗakina da tsinke a hannu, sai in sauko.

Bana wani saurayi ya fara zarya a kan 'yarmu ta fari. Da aka ba da hutu na buɗe kabad ɗin Baba, na ciro juzu'i na biyu, wanda ba a taɓa taɓawa ba. Monique na tsince shinkafa a ƙofar madafa.

"Uwargida, zan ba yaron nan aikin hutu."

"Kai? Kai da jarida ma rabi kake karantawa?"

"Ai gado ne. Ke kuma sai ki ba 'yarki tsinken, ta taimake shi yadda kika taimake ni."

"Wane tsinke?"

"Haba, sheri. Shekara ashirin da bakwai. Ya isa haka, na gode."

Ta ajiye farantin. "Zacharie, me kake cewa?"

"Ke da Kaltumi... makullin... Na gan ki ranar kina danne dariya!"

"Dariyar ƙaryarka nake! Na ce wannan mutum ya samo tsinke, ya shafa man kaɗe, ya shirya wa makaho labari don ya same ni. Har na je na yi iƙirarin zunubi a wurin mompe saboda na ji daɗin abin!" Ta tsaya. Fuskarta ta sauya. "Ba kai ba ne?"

"Ba ke ba ce?"

Muka dubi littafin da ke hannuna. Na mayar da shi kabad, a hankali, na rufe, na ce yaron ya kawo goro kawai.

Tsinken dai Monique da hannunta ta soka shi a kitson mahaifiyarta, ranar da aka rufe akwatin gawarta.