Ramin da Sailuba Ta Toshe

Ranar da aka gama aikin, magariba ta sauko a kan gidan Baballe da ke unguwar Bukan Sidi kamar yadda ta saba. Shekarar 1985 ce, damina ta yi tsakiya, maigidan kuma yana Makka wajen aikin Hajji. Matarsa Sailuba ta ci alwashin ba zai dawo ya tarar da gidan yadda ya bar shi ba. Ba wani babban gini ta yi ba. Ta kakkaɓe yanar da ta shekara a jikin rufi, ta wanke labulaye, ta shafe bangaye da farar ƙasa, ta shimfiɗa sabuwar leda a ɗakin maigidan. Autarta Jumai, 'yar shekara goma sha shida, ita ke dama farar ƙasa a bokiti. Maƙwabciyarsu Mnena, 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da doya, ita ke riƙe musu tsani.

Ɗaki ɗaya ne ya ba su wahala, na can ƙuryar gida, inda marigayiya surukar Sailuba ta zauna. Tun rasuwarta ya koma wurin tara buhunan riɗi da tsofaffin tukwane. Sailuba ta so ya zama masaukin masu zuwa yi wa Alhaji barka da dawowa. Da suka kwashe tarkacen, sai ga wani rami a gindin bango, faɗinsa kamar bakin tulu, gefensa sumul kamar ana shafa shi kullum. Mnena ta kara hannu, ta ce iska mai sanyi na fitowa daga ciki. Sailuba ta ce ramin gafiya ne. Ta kwaɓa ɗan siminti, ta yi bisimilla, ta cusa duwatsu, ta liƙe shi tsaf. Da ya bushe ta bi shi da farar ƙasa, har ba mai iya nuna inda yake.

Suna zaune a tsakar gida, tuwo na gabansu, gidan na ƙamshin sabon shafe, sai dutse ya faɗo a kan kwano. Ya gangara a hankali, ya tsaya. Sailuba ta ɗaga kai. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo. Ta fita ƙofar gida ta duba, layin babu kowa sai awaki da ke kwance a gindin mangwaro. Da ta dawo, ta tarar da Jumai riƙe da ɗaya daga cikin duwatsun.

"Inna, taɓa ki ji. Zafi gare shi."

Washegari da faɗuwar rana jifan ya dawo, kuma bai zo shi kaɗai ba. Daga ɗakin ƙurya suka riƙa jin wani abu kamar ana kartar bango da farce, a hankali, a tsaya, a ci gaba. Can ƙasa da kartar akwai muryar mace, tana maimaita kalma ɗaya da ba ta cikin Hausa, ba ta cikin yaren Alago, ba ta cikin yaren Mnena. Muryar ba ta faɗa ba ce. Irin muryar da ake kiran wanda ya daɗe bai amsa ba da ita ce. Sailuba ta ɗauki fitila ta leƙa. Ɗakin fes, fari ƙal, babu komai. Amma a gindin bango farar ƙasar ta yi layi-layi, kamar sawun yatsu.

A rana ta uku, ana kiran sallar magariba, Jumai ta ajiye buta a tsakiyar alwala. Ta miƙe, ta taka zuwa ɗakin ƙurya da wata irin tafiya da uwarta ba ta san ta da ita ba, ta durƙusa gaban bangon, ta fara tono da hannu. Kafin Sailuba da Mnena su janye ta, faratanta biyu sun karye, jini ya ɓata sabon shafen. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma ƙara cewa uffan ba.

Kwana uku ta yi ba ci ba sha. Numfashinta ya koma gajere, sama-sama, kamar na wanda aka danne wa ƙirji. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba zazzaɓi, aka ba ta ƙwayoyi. Duk sa'ad da rana ta karkata sai ta rarrafa ta koma gaban bangon. Sailuba ba ta da hanyar sanar da mijinta, kuma ko da tana da ita, ba ta san me za ta ce masa ba.

"Maman Jumai," in ji Mnena, "wannan ba ciwon asibiti ba ne. Akwai wani malam a Doma, Malam Na'Allah. Ni zan je in kawo shi."

Bayan la'asar suka iso. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawar magana. Ya tambayi abin da aka taɓa a gidan, Sailuba ta lissafa masa, har ta zo kan ramin. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin, aka kwantar da Jumai, aka kawo garwashi ya zuba turare. Ya zauna ta wajen kanta ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Inuwa ta riƙa tsawo a tsakar gida. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba.

Sai Jumai ta tashi zaune, idonta a rufe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar babbar mace ce, ta dushe kamar ta wadda ta kwana biyu tana kuka. Mnena ta ja da baya har ta bugi ƙofa.

"Wace ce ke?" in ji Malam Na'Allah. "Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Uwarta ce." Kan Jumai ya juya wajen Sailuba. "Tun unguwar nan tana daji nake nan. Tsohuwar da ta zauna a ɗakin nan ta san da ni. Ba ta taɓa gaishe ni ba, ban taɓa gaishe ta ba, amma ba ta toshe mini ƙofa ba. Na kwantar da jaririna na fita, na dawo na tarar an liƙe shi a ciki. Yau kwana shida."

"Ke da kike ratsa bango, me ya hana ki ɗauko shi?"

"Da sunan Allah ta rufe. Abin da aka rufe da wannan suna ba ma iya buɗewa. Na yi jifa, ba su gane ba. Na yi kira, ba su gane ba. Sai na ari hannun 'yarta."

Sailuba ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Gyara kawai na yi."

"Za a buɗe miki," in ji Malam. "Ki ɗauki ɗanki, ki saki yarinyar mutane, ki bar gidan."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka sai don Allah."

"To a bar mini ɗakin."

"Ɗakin na masu gida ne. Daji na da faɗi ta wajen Obi, ki nemi wuri can."

Hayaƙin turaren ya miƙe sama ba ya ko motsi.

"Zan tafi," in ji muryar, "in na same shi da rai. In kuwa ba rai, ita ma ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana."

"Rai na hannun Wanda ya halicce ki ya halicce mu. Ki rantse za ki fita, ko da rai ko ba rai."

Bakin Jumai ya rufe gam. Malam ya ɗaga murya zai koma karatu, jikin yarinyar ya fara karkarwa. Sailuba ba ta jira rantsuwar ba. Ta miƙe, ta fita, ta dawo da taɓarya. Ta yi bisimilla, ta daki bangon da ta shafe da hannunta. Farar ƙasa ta yi ta zubowa. Ta sake duka, ta sake, har simintin ya tsage. Ta yar da taɓaryar ta shiga zaro duwatsun da yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya fito, iska mai sanyi ta buso, garwashin ya yi ja.

Jumai ta matso. Ta zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ta daɗe tana lalube. Sannan ta janyo shi a hankali, ta naɗe hannuwanta biyu a ƙirji, ta riƙa jijjiga abin da babu wanda ya gani a cikinsu. Ta sunkuyar da kunne a kansa.

"Yana numfashi?" Sailuba ta tambaya. "Baiwar Allah, gaya mini. Yana numfashi?"

Idon Jumai ya buɗe a karon farko, ya tsaya a kan Sailuba. Kallon ba na 'yarta ba ne, kuma babu fushi a cikinsa.

"Na rantse da Wanda ya halicce ni, na tafi," in ji muryar. "Ki rufe bayanmu."

Jumai ta yi atishawa sau uku, ta sulale a kan tabarma. Da ta farka, ruwa ta fara roƙo.

Sailuba ta raka Malam Na'Allah har bakin titi. Ta tambaye shi ko jaririn ya rayu. Ya ce abin da ta ji shi ma shi ya ji, sauran sanin na wurin Allah.

Jifa bai sake faɗowa ba. An toshe ramin, Alhaji Baballe ya dawo, gida ya cika da baƙi, kowa na yaba hasken bangayen. Jumai ta murmure, aka ɗauka ba ta tuna komai. Sai wata rana da hantsi, uwarta na yi mata kitso a inuwa, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Inna, kwanakin nan da na yi ba lafiya, a wani wuri matsattse nake. Ga duhu, ga warin ɗanyen siminti. Ina jin muryarki ta bayan bango, ina ta kiranki."

Hannun Sailuba ya tsaya a cikin gashin.

"Ke kaɗai ce a wurin?"

"A'a, akwai wani ɗan ƙarami kusa da ni. Da farko yana ta kuka. Daga baya ya daina."