Bappa Sallau a Bakin Raga

"Kai ne koci? To ina gemunka?"

Ladi ce ta jefo tambayar, tana riƙe da gefen zanen yayarta Hadijatu. Kunun tsamiya suka kawo wa bappansu a filin ƙwallo. Hadijatu ta toshe mata baki cikin kunya, saurayin kuwa ya yi dariya, idonsa bai bar fuskar yayar ba.

Jibrilla ke nan. A shekarun da arzikin mai ya cika Gombe da sababbin babura, ƙungiyar ma'aikatan auduga ta ɗauke shi koci. Bai kai talatin ba, bai taɓa riƙe ƙungiya ba, rabin 'yan wasansa sun girme shi. Babbansu shi ne gola, Bappa Sallau, ƙanen marigayi mahaifin Hadijatu, wanda aurenta ke hannunsa.

Tun da Jibrilla ya fara zuwa zance wurin Hadijatu aikin ya cakuɗe. Suruki ba a kama sunansa, ba a ɗaga masa murya. Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun Sallau, sai koci ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, Bappa." Kowa ya san gwiwar dattijon ta gaji, ga matashin gola Cornelius yana zaune a benci. Aka yi ta cin su.

Da magabatan Jibrilla suka je tambaya, Sallau ya ce a dakata.

"Me na rage masa, Tauraruwata?" in ji Jibrilla, suna zaune da Hadijatu a zaure bayan la'asar. "Ko tari ya yi sai na ce sannu."

"Shi ne matsalar, Kocina. Na ji yana ce wa mahaifiyarmu Inno kana da ladabi, amma ko kaza ba za ka iya kora daga tsakar gida ba."

"In na cire shi daga raga fa? Sai in rasa ki."

"Ban san yadda zai ɗauka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni miji nake so, ba mai gyaɗa kai ba."

Ranar wasa da 'yan garin Kwadon, Jibrilla ya cire takalmansa a gaban jama'a, ya tsuguna.

"Bappa, yau Cornelius ne a raga."



"Ni kake cirewa, yaro?"

"A gida kai ne ubana. A nan ni ne koci."

Sallau ya tuɓe rigar gola, ya wurga wa Cornelius, ya hau kekensa ya tafi. Canjaras aka tashi. Jibrilla ya yi ta zuwa gaisuwa, ba a amsa masa.

Sai wata Juma'a dattijon ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Har yanzu ina jin haushinka," ya ce. "Amma wanda ya iya gaya mini gaskiya yana tsugune, ba zai bari a taka 'yar yayana ba. Ka turo da goro."

Bayan kakar auduga aka ɗaura aure. Sallau da kansa ya ba da ita, ya sa musu albarka.

Ke mai 'ya mace, ki kula. Kada ƙuruciyar saurayi ta tsorata ki, kada kuma yawan durƙusonsa ya ruɗe ki. Wanda bai taɓa ce muku a'a ba, kada ki miƙa masa 'yarki.